Shin da gaske matan Sobiyet sun yi yaƙi da jiragen sama, ko farfaganda ce?

Wata ɗaliba mai karatun tarihi ta aiko da tambaya. Ta ce ta ji labarin wasu matan Tarayyar Sobiyet da suka tuƙa jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, har Jamusawa suka laƙaba musu suna Mayun Dare. Tana son ta san ko abin ya faru da gaske ko kuwa farfagandar gwamnatin Stalin ce. In kuma gaskiya ne, shin don maza sun ƙare ne aka koma kan mata?

Malama, abin ya faru, kuma akwai shi a rubuce a takardun soja: sunayen matan, lambobin rundunoninsu, yawan fitar da kowace ta yi, da ranar da aka rasa waɗanda aka rasa. Farfaganda ta shigo daga baya, ta ƙara gishiri a wasu wurare, ta kuma rufe wasu abubuwan da suka fi cancantar a faɗa. Amma zancen cewa maza ne suka ƙare ba daidai ba ne, kuma da shi zan fara.

Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni, 1941. A wannan rana kaɗai, bisa lissafin Sobiyet ɗin kanta, an lalata mata jirage kimanin 1,200, akasarinsu suna ajiye a filin jirgi ba su ko tashi ba. Jirgin da aka ƙona a ƙasa, matuƙinsa yana nan da ransa. Saboda haka a watannin farkon yaƙin jirage ne suka yi ƙaranci, matuƙa kuwa suna nan jingim, wasu ma suna zaune suna jiran a ba su abin tuƙawa. Babu wani kwamanda da yake neman mata a lokacin. Matan ne suka nemi aikin, aka yi ta korarsu daga ofisoshin ɗaukar soja, suka yi ta komawa.

To daga ina suka iya tuƙi? A shekarun 1930 gwamnatin Sobiyet ta baza kulob-kulob na koyon tuƙin jirgi a birane ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Osoaviakhim. Yarinya mai aiki a masaƙa ko ɗalibar jami'a tana iya tashi daga aiki da yamma ta je ta koyi tuƙi da dirowa da laima, ba ta biya ko kwabo ba. Kafin yaƙi ya zo, da yawansu sun zama malaman tuƙi, wasu suna aiki da jiragen farar hula. Akwai waɗanda ɗalibansu maza aka ɗauke su zuwa fagen daga, su malaman aka ce su zauna a gida.

Wadda ta buɗe ƙofar ita ce Marina Raskova. A watan Satumban 1938 ita da Valentina Grizodubova da Polina Osipenko sun tashi daga Mosko a jirgi mai suna Rodina, suka nufi gabas mai nisa, suka yi tafiyar kusan kilomita 6,000 ba tare da sauka ba. Da mai ya ƙare za a yi saukar dole, aka umarci Raskova ta diro da laima domin mazauninta yana can hancin jirgin, inda ya fi haɗari. Ta yi kwana goma ita kaɗai a dajin Saberiya kafin ta isa inda jirgin ya sauka. Su ukun ne mata na farko da aka ba lambar Jarumin Tarayyar Sobiyet, lambar girma mafi daraja a ƙasar. Don haka da yaƙi ya ɓarke, wasiƙun 'yan mata matuƙa suka yi ta kwarara wurinta, ita kuma tana da sunan da ke buɗe mata ƙofar manya. Ranar 8 ga Oktoba, 1941 aka fitar da umarni mai lamba 0099 na kafa rundunonin sama guda uku na mata. A tsakiyar watan, lokacin da sojojin Jamus ke dab da Mosko, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa garin Engels da ke bakin kogin Bolga. A can aka yanke musu gashi, aka ba su kaki da takalman maza waɗanda sai an cusa tsumma kafin su zauna a ƙafa, aka matse karatun shekaru cikin kusan wata shida.

Rundunonin ukun su ne ta 586 mai jiragen farautar jirage, ta 587 mai jiragen jefa bam da rana, da ta 588 mai jefa bam da dare. Ta ƙarshen ce Mayun Dare, ita ce kuma kaɗai ta zauna mata zalla daga farko har ƙarshe: kwamanda mace, Yevdokia Bershanskaya, matuƙa mata, masu duba hanya mata, makanikai mata, masu ɗaura bam mata. A kanta zan daɗe.

Jirginsu shi ne U-2, wanda daga baya aka canza wa suna zuwa Po-2 don girmama wanda ya ƙera shi, Nikolai Polikarpov. Tun wajen 1928 aka yi shi don koyar da tuƙi, ana kuma feshin gona da shi. Katako ne da zane mai kauri, fukafukai biyu ɗaya bisa ɗaya, injin ɗaya ƙarami, mazauni biyu a buɗe ba rufi. Gudunsa bai wuce kilomita 150 a awa ba, in an ɗaura masa bam ma bai kai haka ba. Ba sulke, ba rediyo. Matuƙiya tana gaba, mai duba hanya tana baya da taswira da kamfas da agogo, suna magana ta wani bututun roba. Harsashi mai wuta guda ɗaya ya isa ya mayar da jirgin toka cikin ɗan lokaci, domin fentin da ake shafa wa zanen yana kama wuta nan take. Kuma har zuwa 1944 ba sa ɗaukar laimar dirowa. Wasu sun ce nauyin laimar gara a mayar da shi bam, kuma da ma a ƙasa-ƙasa suke tafiya.

Ga yadda dare ɗaya yake. Da magariba jiragen za su tashi daga inda suke ɓoye su koma wani fili kusa da bakin daga, sau da yawa gona ce kawai ko makiyaya. Duhu na yi sai su fara tashi ɗaya bayan ɗaya, tazarar 'yan mintuna tsakaninsu. Idan jirgi ya kusa inda za a kai hari, matuƙiya sai ta rage wutar injin har ya kusa yin shiru, ta bar jirgin ya zame a iska, mai duba hanya ta saki bam, sannan a ƙara wuta a juya. Waɗanda ke ƙasa ba sa jin komai sai shuuu ɗin iska a jikin wayoyin fukafukan. Daga nan ne aka ce sunan mayu ya fito. Idan wurin yana da fitilun haska sama da bindigogin kakkaɓo jirage, sai su je biyu ko uku: ɗaya ta shiga da gangan ta ja fitilun kanta tana kauce-kauce, ɗayar ta lallaɓo ta cikin duhu ta saki kayanta, sannan su yi musanya. Da jirgi ya sauka, cikin 'yan mintuna an zuba mai, an ɗaura wasu bama-baman, an toshe ramukan harsashi, ya sake tashi. A gajeren daren bazara za su yi sawu biyar zuwa takwas. A dogon daren hunturu sukan wuce goma. Nadezhda Popova ta taɓa yin sawu 18 a dare ɗaya, kuma jimillar fitarta a yaƙin 852 ce. Irina Sebrova ta haura 1,000.

Ki tuna mazaunin a buɗe yake, kuma hunturun Rasha ne, inda fatar hannu ke manne wa ƙarfe. Matuƙiya da mai duba hanya sukan yi yarjejeniya, ɗaya ta riƙe sandar tuƙi a tafiya, ɗaya a dawowa, don kowace ta ɗan runtsa.

Waɗanda ba a cika ambata ba, kuma a ganina su ne ƙashin bayan rundunar, su ne matan da ke ƙasa. Jirgin yana ɗaukar bam na kilo 200 zuwa 300 a kowane sawu, kuma da hannu ake ɗaura shi, a durƙushe ƙarƙashin fiffike, cikin duhu, domin kunna fitila kiran mutuwa ne. Yi lissafi da kanki: sawu goma na jirgi ɗaya ya kai tan biyu ko uku, kuma jiragen ba ɗaya ba ne. 'Yan mata ne masu shekara goma sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai suke wannan ɗauka, cikin laka ko ƙanƙara. Dokar soja ta ce kowane makaniki jirginsa ɗaya, shi zai jira shi dare da rana. Shugabannin wannan runduna suka ga haka yana cinye lokaci, yana kuma kashe mutane da rashin barci, sai suka raba aikin ƙungiya-ƙungiya: masu tarbar jirgi daban, masu mai daban, masu bam daban, kowane jirgi ya sauka su rufar masa gaba ɗaya. Wannan tsari ne ya sa suke yin sawu da yawa a dare. Ba ya cikin abin da masu ba da labari ke so, amma shi ne sirrin alƙaluman.

Alƙaluman kuwa su ne fita sama da 23,000 daga Yunin 1942 zuwa Mayun 1945, da bam kimanin tan 3,000. Sun faro daga yankin Donbas, suka ja da baya tare da sauran sojoji har duwatsun Kokasas, sannan suka biyo ta Kuban da Taman da Kirimiya da Belarus da Folan har cikin Jamus. A Fabrairun 1943 aka ɗaga darajar rundunar ta zama ta 46 cikin zaratan rundunoni, daga baya aka ƙara mata sunan Taman. Mata 23 daga cikinta sun sami lambar Jarumin Tarayyar Sobiyet.

Yanzu a tambayi gaskiya: me wannan ya tsinana a yaƙin? Tan 3,000 cikin shekara uku ba wani abu ba ne in aka gwada da manyan jiragen Ingila da Amurka, waɗanda sukan zubar da kusan haka a kan birni ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk wanda ya ce miki waɗannan mata ne suka karya Hitila ya wuce gona da iri. Aikinsu wani ne daban. Suna kai hari kan mashigar kogi, ma'ajiyar mai da harsasai, tashar jirgin ƙasa, motocin da ke kai kaya bakin daga, kuma sama da komai suna hana sojan Jamus barci. Kamar sauro ne a daren damina: ba shi zai kashe ka nan take ba, amma wanda ya kwana yana kora ba zai yi aikin kirki da safe ba. Sojan da ya yini yana faɗa, ya kwana jirgi na zuwa kansa duk bayan 'yan mintuna har asuba, mako da makonni, ƙarfinsa da hankalinsa suna zaizayewa. Sun kuma jefa wa sojojinsu da aka yi wa ƙawanya abinci da harsasai, kamar waɗanda suka maƙale a Eltigen kusa da Kerch a ƙarshen 1943. Kuma a sani, akwai rundunonin maza da dama masu irin wannan jirgi da irin wannan aiki. Faɗin haka bai rage wa matan komai ba. Yana nuna cewa aikin soja na gaske aka ba su, irin wanda ake ba kowa, suka kuma yi fice a cikinsa.

Kuɗin da suka biya ba kaɗan ba ne. Rundunar ta rasa mata 32. Tun a Engels, kafin su ga abokin gaba, huɗu sun mutu a atisayen dare cikin guguwar ƙanƙara. A Afrilun 1943 kusa da Novorossiysk, wani jirgin Jamus ya harbi Yevdokia Nosal a ka tana tuƙi, gawarta ta kife kan sandar tuƙi, jirgin ya nufi ƙasa. Mai duba hanyarta, Glafira Kashirina, ta miƙa hannu ɗaya ta riƙo wuyan rigar gawar ta janye ta, ta tuƙa da ɗaya hannun daga mazaunin baya har ta sauke jirgin a filinsu. Bayan wata uku ita ma ta tafi, a daren 31 ga Yuli zuwa 1 ga Agustan 1943, dare mafi muni a tarihin rundunar. A daren nan fitilu suka kama jirage amma bindigogin ƙasa suka yi tsit, abin da bai saba faruwa ba. Dalili shi ne Jamusawa sun kawo jirgin farauta na dare. Jirage huɗu suka ƙone a sama ɗaya bayan ɗaya, mata takwas, ba laima ko ɗaya, waɗanda ke biye da su suna kallo. Yevgenia Rudneva, ɗalibar ilmin taurari a Jami'ar Mosko wadda ta zama shugabar masu duba hanya ta rundunar, ta ƙone a sama kusa da Kerch a Afrilun 1944, a fitarta ta 645. Sai bayan da Tatyana Makarova da Vera Belik suka ƙone a Folan a Agustan 1944 aka wajabta ɗaukar laima. Wannan jinkiri laifin shugabanni ne, kuma jarumtar matan ba ta wanke shi.

Sauran rundunonin biyu zan taƙaita. Ta 587 ta tuƙa Pe-2, jirgi mai injin biyu da ke gudun sama da kilomita 500 a awa, wanda maza ƙwararru ma ke shakkarsa wajen tashi da sauka. In an cika shi da bam, jan sandarsa yana son ƙarfi sosai, har mai duba hanya kan tsaya bayan matuƙiya ta taya ta. Raskova da kanta ta jagorance su, amma ba ta ga faɗansu na farko ba: jirginta ya faɗi cikin mummunan yanayi ranar 4 ga Janairu, 1943 a hanyar zuwa Stalingrad, aka binne tokarta a bangon Kremlin, fadar gwamnati da ke Mosko. Namiji, Valentin Markov, ya gaje ta. Rundunar ta zama ta 125 cikin zaratan rundunoni, ta yi fita sama da 1,100 da rana tsaka, mata biyar cikinta suka sami lambar Jarumi. Ta 586 kuwa tsaron birane da gadoji da layin dogo aka ba ta da jiragen Yak, kuma a can ne Valeria Khomyakova ta kakkaɓo jirgin Jamus a saman Saratov cikin dare a Satumban 1942. Wannan runduna ta sha rikicin shugabanci, aka cire kwamandarta ta farko, Tamara Kazarinova, aka kawo namiji, aka kuma haɗa ta da maza.

Inda aka ƙara gishiri, ki yi hattara da abu uku. Ana yawan cewa duk Bajamushen da ya harbo ɗaya daga Mayun Dare ana ba shi lambar yabo kai tsaye, alhali masu bincike ba su sami wannan doka a takardun Jamus ba. Ana cewa kashe injin suke yi ɗungurungum su sake tayar da shi a sama, alhali rage wuta suke yi. Sai kuma yawan jiragen da matan farauta suka kakkaɓo, wanda ya bambanta daga littafi zuwa littafi. Lidiya Litvyak, wadda ta fi kowa suna, wasu sun ba ta 12 ita kaɗai, wasu da suka bi takardun rundunoninta sun sami ƙasa da haka sosai. Wannan ba matsalar mata ba ce, haka lissafin matuƙan farauta yake a kowace ƙasa a yaƙin nan, domin mai faɗa a sama ba ya tsayawa ya ga inda abokin karawarsa ya faɗi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne yarinya mai shekara 21 ta yi faɗa a saman Stalingrad cikin rundunonin maza, ta kakkaɓo jirage, an ji mata rauni ta koma.

In kina son ki ga bambancin Sobiyet da sauran ƙasashe, Amurka da Ingila su ma suna da mata matuƙa a lokacin, amma aikinsu kai jirage daga masana'anta zuwa sansani da makamantansa, ba a yarda su shiga faɗa ba. Matan Amurka sama da 1,000 sun yi wannan aiki, 38 suka mutu, kuma ba a amince da su a matsayin tsofaffin sojoji ba sai 1977. Sai a 1993 Amurka ta bar mata su tuƙa jiragen faɗa.

Sai dai kada wannan ya sa ki ɗauka Sobiyet ta riƙe matan da daraja bayan an gama. Yaƙi na ƙarewa aka rushe rundunar Mayun Dare a Oktoban 1945, aka sallami kusan dukan matan, makarantun sojan sama suka rufe musu ƙofa. Ƙasar ta rasa mutane kimanin miliyan 27, hukuma tana son mata su koma haihuwa da masana'antu. Mikhail Kalinin, shugaban majalisar ƙolin ƙasar, ya tara mata sojoji a 1945 ya shawarce su kada su riƙa tutiya da abin da suka yi. Wasu sun ɓoye lambobinsu saboda tsegumin da ake yi wa matan da suka je fagen daga. Da yawa sun koma karatu: Irina Rakobolskaya, wadda ta bar ajin kimiyyar fiziks ta zama shugabar ma'aikatan rundunar, ta koma Jami'ar Mosko har ta zama farfesa. Waɗanda suka rayu sun daɗe suna haɗuwa kowace shekara ranar 2 ga Mayu a lambun da ke gaban gidan wasan Bolshoi a Mosko.

Mafi ɗaci shi ne abin da ya sami waɗanda aka kama ko suka ɓace. Tun Agustan 1941 Stalin ya sa hannu a umarni mai lamba 270, wanda ya mayar da miƙa wuya ga abokin gaba tamkar cin amanar ƙasa. Anna Yegorova, wadda ta tuƙa jirgin Il-2 mai kai hari ƙasa-ƙasa a rundunar maza, an harbo ta kusa da Warso a Agustan 1944. Ta faɗo da ƙuna da karaya, Jamusawa suka kai ta sansanin fursunoni na Kustrin, inda likitoci 'yan'uwanta fursunoni suka yi jinyarta. Da sojojin Sobiyet suka 'yantar da sansanin a farkon 1945, jami'an tsaron ƙasarta suka tsare ta suna tuhumarta kwana da kwanaki, tana fama da raunukan da ba su warke ba. Rundunarta ta ɗauka ta mutu, har an nemi a ba ta lambar Jarumi. Ba ta karɓe ta ba sai 1965.

Litvyak kuwa ta ɓace ne ranar 1 ga Agustan 1943 a saman Donbas, ba wanda ya ga faɗuwarta. Tunda ba gawa, sai aka rubuta ta ɓace, kuma wanda ya ɓace ana zargin ko an kama shi ne, don haka aka dakatar da lambar da kwamandanta ya nema mata. Makanikiyarta, Inna Pasportnikova, ta shafe shekaru tana bin ƙauyuka da gonaki tare da 'yan makaranta masu aikin sa kai, suna tono tarkacen jirage. A 1979 aka gano cewa an binne wata matuƙiya a kabarin bai ɗaya a ƙauyen Dmitrievka, daga baya hukuma ta amince ita ce, aka gyara takardarta daga "ta ɓace" zuwa "ta mutu a fagen daga". Mikhail Gorbachev, shugaban ƙasar na lokacin, ya sa hannu a lambarta a watan Mayun 1990, kusan shekara 47 bayan rasuwarta, saura ƙasa da shekara biyu Tarayyar Sobiyet ɗin ta wargaje.